Asalin Kamfanin Magani na Boots da Bunƙasarsa

Kamfanin Boots, wanda kantunansa na magani suka game ƙasar Ingila, daga ɗan ƙaramin shago ya faro. Cikin shekara ta 1849 wani mutum, John Boot, ya buɗe shagon saiwoyi da ganyaye a birnin Nottingham. Da ya rasu a 1860, matarsa da ɗansa Jesse suka riƙe sana'ar.

A zamanin nan talaka ba shi da halin ganin likita, magani kuwa da tsada. Dabarar Jesse ita ce ya sari kaya da yawa, ya sayar bisa ƙaramar riba, kuɗi hannu, ba bashi. Masu kantunan magani suka yi ta sukarsa, don ba shi da takardar shaida. Saboda haka a 1884 ya ɗauki gwanin haɗa magani aiki. Kafin 1914 kantunansa sun haura 500.

A 1920 ya sayar wa Amurkawa da kamfanin. Attajiran Ingila suka fanso shi a 1933, sa'an nan a 2014 ya koma hannun kamfanin Walgreens na Amurka. Watau araha ce ta gina shi, amma da ya ƙasaita sai ya fi ƙarfin gida guda.