Ƙwayoyin Hanji, Furar Yauri da Kafson Kemis

A jikin babban mutum ɗaya akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa lissafin da masana suka fitar a 2016, kuma mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Da Bahaushe ya ji an ce "ƙwaya" sai cuta ta faɗo masa a rai, alhali akasarin waɗannan 'yan haya ne masu biyan kuɗin ɗaki: su ke narkar da dusar hatsi da zaren ganye da cikinmu ya gaza, su fitar da sinadarai masu ciyar da bangon hanji, su kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Wannan sani ne ya haifi kasuwar furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai da ake ɗurawa a kafso ko gari a sayar da tsada. A ganina, mutumin Yauri ko Ngaski ko Shanga ba shi da dalilin kai kuɗinsa can, domin abin da ƙwayoyin ke so yana cikin rumbunsa.

Hujja ta farko daga maƙwabta ta zo. A 2010 aka buga binciken da ya gwada hanjin yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da na yaran birnin Florence a Italiya. Na ƙauyen ne suka fi yawan nau'o'in ƙwayoyi, musamman masu narkar da dusa, da kuma sinadaran nan masu amfani. Cimarsu kuwa kusan ita ce ta bakin Tafkin Kainji, har da ƙari: albasar da Gungawa suka shahara da nomawa a gaɓar kogi tana ɗauke da wani zare da ƙwayoyin kirki ke rububi. Sai batun nono. Bafillatana ta dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwarya da faifai. Kafin gari ya waye ƙwayoyi sun mai da zaƙin madarar tsami, kindirmo ya kama. A 2021 masanan Jami'ar Stanford a Amurka suka ga cewa mutanen da suka yi mako 10 suna yawaita cin abinci irin wannan, nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu sun ƙaru, alamun kumburi a jininsu sun ragu.

Wani zai ce ai kafso a aune yake, ga tsabta. Haka ne, kuma akwai shaidar cewa wasu nau'o'insa na rage zawon da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ke jawowa. Amma a 2018 an yi manyan gwaje-gwaje 2 a Amurka da Kanada kan yara kusan 1,800 masu amai da gudawa, inda waɗanda aka ba furobayotik ba su riga saura warkewa ba. Kada kuma a ɗauki abincin gargajiya a matsayin magani: kunu da miyar daddawa an tafasa su, ƙwayoyin cikinsu sun mutu, sai dai abin da suka bari.

Tambaya mafi nauyi ita ce: in hanjin ƙauye ya fi wadata, me ya sa gudawa ke ɗaukar yaran Wara da Yelwa? Saboda ƙwayoyin kirki ba sa tace ruwa. Nonon da aka sirka da ruwan tafki, ko madarar da ba a dafa ba mai iya ɗaukar tarin fukan shanu, sun rushe amfanin tun a ƙwarya. Ga kuma al'adar rugawa kemis a karɓo Flagyl ko "ja da yalo" da zarar ciki ya murɗa; maganin bai san na gida da baƙo ba, duka yake kashewa, kuma hanji kan yi watanni bai farfaɗo ba.

Iyaye mata, in yaro ya fara zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a haɗa da zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayar da shi. In an ga jini a bayan gidansa ko ya kasa sha, a kai shi asibiti a ranar.