3.4 Alƙaluman Ƙidaya da Hasashen Yawan Jama'a a Ƙasar Yauri

Kamar yadda aka ambata a baya, Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, wato Yauri mai hedikwata a Yelwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, da kuma Shanga. Duk wani aiki da ake son kai wa jama'ar waɗannan wurare, kamar allurar rigakafi ko wayar da kai, yana buƙatar a san yawan mutanen da za a je wa tukuna, domin da wannan adadi ake yanke yawan magani da ma'aikata da kuɗin sufuri.

Ƙidayar da ake dogara da ita ita ce wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2006. Ta nuna Jihar Kebbi tana da mutum sama da miliyan 3.2, alhali a ƙidayar 1991 sun ɗan haura miliyan 2 ne kawai. A ƙidayar ta 2006, Yauri tana da kimanin mutum 100,000, Ngaski kimanin 125,000, Shanga kuwa kimanin 127,000. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, don haka sai aka ci gaba da amfani da hasashe.

Hasashe shi ne a ɗauki adadin ƙidaya a riƙa ƙara masa wani kaso a kowace shekara. Misali, idan aka yi amfani da kashi 3.2 cikin ɗari da aka ƙiyasta wa ƙasa baki ɗaya, mutanen Yauri za su kai kusan 176,000 a 2024. Ma'aikatan lafiya sukan ɗauki kashi 4 cikin ɗari a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, wato yara kusan 7,000 ke nan da za a tanadar wa allura.

Sai dai wannan lissafi yana da rauni a bakin Tafkin Kainji. Da farko, yana ɗauka cewa ko'ina ana ƙaruwa daidai wa daida, alhali garin kasuwa irin Yelwa yana jawo baƙi fiye da ƙauye. Na biyu, adadin ƙaramar hukuma bai faɗin inda mutane suke zaune. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da mutum kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, tsarin zama ya sauya. Bugu da ƙari, Sarkawa da sauran masunta sukan kafa tunga su tashi gwargwadon cikowa da janyewar ruwa, Fulani kuma suna gangarowa da rani neman makiyaya. Tungar da ta cika a watan Janairu tana iya zama kango da damina.

Illar hakan a fili take. Idan aka raba allura bisa hasashe kaɗai, za ta yi yawa a wata mazaɓa, ta kasa a wata, a rubuta cewa aiki ya cika alhali yaran tunga ba su ga kowa ba.

Saboda haka, wannan bincike yana ganin adadin ƙaramar hukuma mafari ne kawai. Wajibi ne a haɗa shi da ƙirgen gida-gida ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo, a kuma sabunta shi rani da damina, a ware kuɗin kwale-kwale tun a kasafi. Sashe na gaba zai duba rawar da waɗannan shugabanni suke takawa wajen isar da saƙo ga jama'a.