Kafofin Sada Zumunta na Intanet da Sha'anin Ciniki da Neman Suna a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata tambaya da ke yawo a bakin masu sana'a a kudancin Jihar Katsina, watau ko shiga kafofin sada zumunta na intanet, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok, yana jawo wa mutum ciniki da ɗaukakar suna, ko kuwa ɓarnar lokaci da kuɗin data ne kurum. Mun zaɓi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ne domin ƙasa ce ta noman masara da dawa da waken suya da kiwon dabbobi, wadda ke sayar da yawancin abin da ta noma ga mutanen nesa. Haka kuma ƙasa ce da ta yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, inda rashin tsaro ya sauya ma'anar sanuwa kanta.

Kafin mu shiga cikin batun sosai, ya kamata mu bambanta kalmomi biyu da ake yawan cuɗa su, watau suna da mutunci. Suna shi ne a san mutum, ko da alheri ko da akasinsa. Mutunci kuwa shi ne a san shi kuma a amince a ba shi kaya ba tare da ya ajiye kuɗi ba. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, ya sanya gaskiya da amana da mutunci a cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. A ganinmu, kafofin sada zumunta suna iya ba mutum suna cikin dare ɗaya, amma mutunci ba su da shi ballantana su bayar, iyakarsu su ɗauki wanda mutum ya riga ya gina su kai shi nesa.

Hasali ma, cinikin nesa bisa amana ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo da ke Ibadan, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa ke sauka a gidan maigida, shi kuma ya sa dillalansa su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, tare da cewa shi ne zai tsaya wa kuɗin idan mahauci ya saɓa. Babu takarda, babu alƙali. Abin da ke riƙe da wannan tsari shi ne labari, domin duk wanda ya ci amana, kafin a jima kowa ya ji, ƙofofi kuma su rufe masa. Idan muka lura da kyau, zauren WhatsApp na dillalan hatsi ko na 'yan kara wannan aikin yake yi, sai dai labarin da a da yake jiran jirgin ƙasa yanzu yana isa kafin a ɗaure bakin buhu.

To, su wa suka fi cin moriyar abin? Na farko dai manomi. Kafin zuwan wayar salula a 2001, mutumin ƙauyen Sabuwa kan ɗora masararsa a mota zuwa kasuwar Ɗandume bai san farashin da zai tarar ba, idan ya tarar kasuwa ta faɗi kuma dole ya sayar, don ba zai biya kuɗin mota sau biyu ba. Yanzu kuwa saƙon murya ɗaya ya isa ya ji yadda buhu ya kwana a Ɗandume ko a Dawanau ta Kano. Muna jaddada saƙon murya ne saboda shi ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi karatun boko ba, fiye da yadda sanya Hausa a Facebook a 2016 ya yi.

Sai kuma matan aure, waɗanda a nasu ɓangaren ne muke ganin sauyin ya fi zurfi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira cinikin matan kulle ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, domin ana yin sa ne daga gida zuwa gida ta hannun yara 'yan talla. Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ko kayan kicin a garin Ƙanƙara yanzu tana iya ɗora hoton kayanta a wayarta, ƙawaye da dangi su gani su yi magana, ba tare da ta aza wa 'yarta faranti a ka ba. Mu da ke horar da malaman firamare mun san yawan kujerun da talla ke barin su wayam a aji, saboda haka wannan ba ƙaramar riba ba ce, ko da ba ta shiga lissafin kuɗi. Tela da kafinta da mai walda su ma sun samu wurin baje aikinsu ba tare da sun kama shago a bakin titi ba.

Amma hoto yana da iyaka. Mai sayen masara yakan soka ƙarfe a buhu ya zaro ƙwaya ya ciza don ya ji ko ta bushe, mai sayen sa a karar Sheme kuma sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya sa a ja dabbar ya ga tafiyarta. Bidiyo ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa babban ciniki har yau ba ya ƙulluwa sai akwai wani sananne a tsakani wanda zai duba kaya da idonsa, ya kuma karɓi la'adarsa. Waɗanda suka yi zaton intanet za ta kashe dillali ba su fahimci abin da dillali ke sayarwa ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tura mutane da yawa ga tiransifa da masu POS, ya kuma ƙara buɗe hanya ga masu turo alat na bogi su kwashi kaya su ɓace.

Akwai kuma wani al'amari da littattafan koyar da kasuwanci na Turai da Amurka ba su san da shi ba. Su suna koyar da cewa duk yadda aka ƙara ganin ka, haka ciniki zai ƙaru. A wannan yanki kuwa, inda a watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta addabi ƙauyuka, ganin mutum na iya zama sanadin halakarsa. Ɗan kasuwar da ya ɗora hoton rumbunsa cike da buhuna, ko sabuwar motarsa, ko ya rubuta ranar da zai tafi kasuwa, ya sauƙaƙa wa masu kai rahoto, waɗanda ake kira infoma, aikinsu. Wannan ne ya sa masu hankali daga cikinsu suka fi son rufaffen zaure, wanda ba a shigar da kowa sai wani ya tsaya masa, a kan buɗaɗɗen shafin da duniya duka ke leƙawa. Suna nuna kaya kaɗan, su ɓoye yawa da wurin ajiya. Mai neman mabiya dubbai a TikTok da mai neman amintattun abokan ciniki ashirin ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma a nan na biyun ya fi kwana da kwanciyar rai.

Shekarar 2021 ta gwada ƙarfin wannan sabon tsari. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan uku, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su ma ukun suna ciki, aka shafe watanni a haka. Ba mu zo nan don yanke hukunci a kan dacewar matakin ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda 'yan kasuwa suka kasu gida biyu a lokacin. Wanda cinikinsa duka ya rataya a kan waya sai da ya riƙa yin tafiya zuwa garin da ke da sabis kafin ya ga saƙo ko ya tabbatar kuɗi sun shiga, wasu kuma abokan cinikinsu na nesa suka koma wurin wani. Wanda kuwa yake da maigida a Funtuwa ko a Kano, da direban da ya sani, da littafin bashi a aljihu, ya ci gaba da aika kaya da saƙon baka ta hannun direba, kuɗinsa kuma suka riƙa dawowa ta wannan hannun har aka mayar da sabis.