Tacewa Kafin Matsewa: Darasi Daga Dajin Kamuku

Duk wanda ya taɓa kwana a dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari ya san tsuntsaye kan riga ladan tashi. An keɓe dajin tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Sai dai shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu ba babbaka a yankin sun nisanta masu bincike da shi. Don haka kaset ɗin kukan tsuntsaye da na naɗo can ina ɗalibi ya zama abin tattali, kuma ranar da na juye shi a kwamfuta don koyarwa na gane cewa gyaran sauti ma yana da gaba da baya.

Kayan aiki biyu ne a hannun mai haɗa sauti. Na farko shi ne ikwalaiza, wato matacin sauti, mai rage ko ƙara wani sashe na amo, kauri ne ko siriri. Na biyu kwamfuresa, wato mamatsin sauti, wanda kan danne ƙara idan ta haye iyakar da aka yanka masa. Alal misali, in an saita shi a huɗu-bisa-ɗaya, ƙarar da ta wuce iyaka da desibel 8, desibel 2 kawai za ta wuce da shi bayan an matse.

To, wanne zai fara? Mamatsi ba ya bambance tsuntsu da iska. Abin da ya fi ƙarfi shi yake yi wa biyayya. Rugugin iskar hunturu a bakin makirufo yawanci ƙasa da haz 200 yake, alhali waƙar galibin ƙananan tsuntsaye tana tsakanin haz 1,000 da 8,000. Da na fara da matsewa, duk sa'ad da iska ta buso sai na'urar ta danne kome, muryar tsuntsun ta riƙa nutsewa tana tasowa. Da na fara tace rugugin, sai mamatsin ya koma bin tsuntsun kansa. Ƙarin armashi kuwa, kamar ɗaga siririn amo, ya fi dacewa bayan matsewa, don kada mamatsin ya danne abin da aka ɗaga.

Wannan tsari yana da ɗan'uwa a jikinka, ya kai mai karatu. Kafin sauti ya isa can ciki, ramin kunne kan ƙarfafa amon da ke wajen haz 3,000, kunnen tsakiya kuma ya raunana mai kauri sosai. Sannan katantanwar kunne ta rarraba shi, siriri a gindinta, mai kauri a ƙololuwarta, binciken da ya ba Georg von Békésy lambar Nobel a 1961. A nan ne ƙwayoyin gashi na waje, kimanin 12,000 a kowane kunne, suke ƙarfafa raunanan sauti su ƙyale mai ƙarfi, kowane rukuni a nasa sashen. Da haka kunne ɗaya ke jin motsin ganye, ya kuma jure tsawa.

Amma a yi hattara da burtu, tsuntsun nan da mafarauta kan ɗaura kansa a goshi su yaudari namun daji. Kukansa mai kauri ne kamar ganga daga nesa, kusa da inda iska ke ruri. Na zabga tacewa a kaset ɗina, iska ta tafi, burtu ya bi ta. Abin da ya cece ni shi ne kwafi nake gyarawa. Asalin yana nan ba a taɓa shi ba, kuma shi kaɗai nake aunawa idan bincike ya taso, domin matsewa kan sauya ainihin ƙarfin kukan.