Ko Ka Sani? Injin da Ke Tayar da Zane a Jikin Kati Ɗan'uwan Injin Taliya Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai murza taliya a Gazawa ko Agie ya san yadda aikin yake. Curin kwaɓaɓɓiyar fulawa ya shiga tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, hannu ya murza mariƙi, sai ga shi ya fito ta ƙasa a shimfiɗe, falle guda. To, ko ka san akwai wani inji mai irin wannan ƙira, wanda takarda ake cusa masa, ko wata leda mai ƙwari da haske kamar gilashi, su fito da fure ko tauraro ya taso a jikinsu har yatsa na jin tudunsa? Da shi masu haɗa katin gayyata da na gaisuwa da hannu suke aiki a ƙasashe da dama, kuma ba ya shan wuta, ba ya shan mai.

Yadda yake aiki

Injin bai wuce a ɗora shi bisa ƙaramin tebur ba. Yana da gangar ƙarfe biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da mariƙi a gefe. Bakin waɗanda aka fi sani, irin su Sizzix da Cuttlebug, faɗinsa kamar santimita 15 ne. Zanen kuwa yana jikin wani faifan roba mai buɗewa kamar littafi. A shafi ɗaya zanen ya taso, a ɗayan ya lotsa, kowane tudu da ramin da zai faɗa. Sai a sa fallen leda a tsakiya, a rufe, a haɗa shi da alluna biyu masu kauri, a tura cikin injin ana murzawa.

Gangar ba ta danne faifan gaba ɗaya a lokaci guda. Layi siriri take matsawa, ta wuce zuwa na gaba, don haka duk ƙarfin hannun mai murzawa yana taruwa a ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa yarinya ƴar shekara goma za ta iya tayar da zanen da ƙato ba zai iya da tafin hannunsa ba. Idan ledar ta fito za ka ga gefen zanen ya yi fari-fari. Wurin da ta miƙe ta lanƙwashe ke nan, kuma wannan farin layi shi ke fito da zanen ko ba a shafa launi ba. Wanda ya taɓa shafa takardar ofis mai busasshen hatimi, wanda ba tawada sai tudu, ya riga ya san wannan dabara.

Ledar da ta fito daga auduga

Sunan ledar asitet, kuma asalinta tsiro ne. Bayan an gurza auduga, akwai gajeren gashi da ke saura a jikin angurya. Wannan gashi, ko ɓargon itace da aka dafa aka tace, shi ake haɗawa da sinadarai dangin wanda ke sa ruwan kal tsami, har a samu abin da za a shimfiɗa ya bushe garau. Wani masanin haɗa sinadarai na Faransa, Paul Schützenberger, shi ya fara samar da shi a 1865. Daga baya wasu ƴan'uwa biyu daga birnin Basel na Suwizalan, Camille da Henri Dreyfus, suka mai da shi hajar masana'anta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an shafa shi a fikafikan jiragen sama na Ingila, waɗanda a lokacin da ƙyalle ake lulluɓe su, don ƙyallen ya ɗaure kuma ruwa ya kasa ratsa shi.

Masu fim ma sun ci moriyarsa. Zaren fim na farko yana kama wuta kamar busasshiyar ciyawa a bazara, har gidajen silima sun sha ƙonewa. Asitet ba ya saurin kamawa haka, sai aka koma kansa. Amma yana da nasa ciwon. Idan ya daɗe a wuri mai zafi da laima, yakan fara sakin tsamin da aka haɗa shi da shi. Wanda ya buɗe tsohon akwatin mai hoto ya ji wari mai tsami kamar na ruwan kal, to fina-finan da ke ciki sun fara lalacewa, a gaggauta kwafe hotunan kakanni kafin su tafi.

A yau yawancin fallayen da ake sayarwa da sunan asitet daga man fetur aka yi su, dangin robar gorar ruwa ne, sunan kawai suka gada. Irinsu ne farin bangon da masu shagon kwafin takardu a Maraɗi suke sa wa littafin ɗalibi idan sun ɗinke shi. Mai son gwaji, wannan ma ya ishe shi.

Fenti ta baya

Takarda tana shan tawada, leda ba ta sha. Tawadar ruwa za ta taru ɗigo-ɗigo a kanta, hannu ya goge ta. Sai fenti mai kama roba, ko alƙalamin nan mai kauri da rubutunsa ba ya gogewa. Gwanaye kuma ta bayan ledar suke shafawa, don idan an juyo ta launin ya fito da sheƙi, ledar kanta ta zame masa kariya. Wannan yana nufin aikin a juye yake tafiya. Siraran layuka da ɗigo su ne farko, launin fage shi ne ƙarshe, rubutu kuma a birkice ake yin sa kamar na jikin hatimi. Kuskuren farko yana gaba, babu abin da zai rufe shi.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A Senegal akwai zanen bayan gilashi da suke kira suwer, inda ake zana shehunnai da al'amuran yau da kullum da wannan tsari. Tsofaffin fina-finan zane na Amurka ma haka aka yi su. Tun da Earl Hurd ya yi rajistar dabarar a 1914, ana zana mutum a farar leda, a yi masa launi ta baya, a ɗora bisa hoton fage a ɗauka.

Abu huɗu ke ɓata aikin. Zafi yana lanƙwasa ledar, don haka ba a barin ta a rana ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Tana jan ƙura, musamman da hunturu, sai an goge ta da tsumma mai laushi an kuma riƙe ta ta gefe. Ruwan goge jan farce kuwa yana narkar da asitet na asali. Ga kuma manne, wanda ake hangowa ta cikin ledar. Dabarar ita ce a yanke taga a jikin katin, a manna ledar ta ciki yadda takarda za ta ɓoye bakinta, ko a ɗinke ta da zare mai launi.

Hannun da ya riga injin

Tun kafin a ƙera wannan inji, baduku a ƙasar Maraɗi yana ɗaukar fatar jar akuya da majemi ya jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, ya danna mata ƙarfe har zane ya zauna a jikin jaka ko kube. Mai zanen ƙwarya ya san inda zai ƙona da inda zai bari fari. Magina a Damagaram suna tayar da dagi a bangon soro da yatsunsu. Ilimin tudu da kwari a jikin abu namu ne tun kaka da kakanni.

Shi ya sa rashin injin ba zai hana kowa farawa ba. A shimfiɗa leda bisa fata mai laushi ko tsohon silifa, a bi zane da bakin biron da tawadarsa ta ƙare, ana dannawa a hankali, zanen zai taso ta ɗaya fuskar. Akwai ma masu gwadawa da tsohon injin taliya, wanda ba za a sake mayarwa madafa ba.

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, bikin aure da na suna ba sa yankewa, gayyata kuma yanzu ta waya ta fi yawa, a karanta yau gobe ta nutse cikin saƙonni. Kati mai ɗauke da zanen ƙwaryar gidansu amarya, wanda ƙanwarta ta tayar da hannunta, shi uwa za ta sa a ƙasan akwati tare da zannuwanta na adana, ta ciro wa jika wata rana ya shafa.