Shigar da Mota Ƙaramin Gareji a Unguwannin Zango na Arewacin Gana: Dabarar da Harshenta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin lungu da almuru, lokacin da maigida ya dawo yana ƙoƙarin shigar da motarsa gida, ya san cewa aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana riƙe da sitiyari, ɗayan kuma yana tsaye a ƙasa yana magana. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake ajiye mota daidai a cikin matsattsen garejin gida, tare da ɗauko misali daga Tempane da Bawku da Yendi da Salga, a arewacin Gana. Abin da ake son nunawa shi ne, ido kaɗai ba ya shigar da mota irin wannan wuri. Sai an haɗa da awo, da alama, da magana wadda ba ta da harshen damo. Ta nan ne batun ya shafi ɗalibin Hausa, domin ɗan bambancin da ke tsakanin "matsa" da "matso" yana iya zama bambanci tsakanin lafiyayyar mota da fasasshiyar fitila.

2.0 Daga Zangon Fatake zuwa Gareji

Asalin ma'anar zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana. A ƙarni na 19 fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su bi ta Yendi zuwa Salga don sayen goro. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892, 'yan kasuwa da yawa sun watse zuwa wasu garuruwa, irin su Kete-Krachi, suka ƙara wa zango-zangon can yawa. A yau mutanen Gana suna kiran irin waɗannan unguwanni "zongo", kuma Hausa ce harshen hulɗa a yawancinsu. A Bawku, kusa da iyakar Togo da Burkina Faso, Hausa na daga cikin harsunan kasuwa. Tempane kuwa ba ta da nisa da Bawku, tana cikin yankin Upper East, kuma ta zama hedkwatar gundumar kanta a 2018, bayan an raba gundumar Garu-Tempane.

Tsofaffin unguwannin nan ba don mota aka fitar da su ba. Lungu an bar masa faɗin da mutum da jaki mai kaya za su wuce ne. Saboda haka idan maigida ya sayi mota, sau da yawa sai ya fasa katanga, ko ya mayar da wani shago ko ɗakin waje wurin ajiye ta. Wannan wuri shi ake nufi da gareji a nan, ko da yake kalmar tana kuma nufin wurin bakanike. Irin wannan gareji ba a auna shi da mota ba, motar ce aka zo aka samu wurin.

3.0 Awo

Matakin farko shi ne a ɗauko abin awo a san girman mota da na gareji. Ƙaramar mota irin Toyota Corolla tana da tsawon kimanin mita 4.5, faɗin jikinta kuma tsakanin mita 1.7 da 1.8. Madubin gefe guda biyu sukan kai faɗin kusan mita 2. Mota irin Toyota Hilux kuwa tsawonta ya wuce mita 5.

A ɗauka cewa cikin gareji yana da faɗin mita 2.8, ƙofarsa mita 2.5, jikin mota kuma mita 1.75. Abin da ya rage a ciki shi ne santimita 105. Idan aka ajiye motar a tsakiya, kowane gefe zai sami santimita 52 da ɗoriya, wanda da ƙyar zai bar babban mutum ya buɗe ƙofa ya fito. Don haka ba tsakiya ake nema ba. Sai a bar wa ɓangaren direba santimita 70, ɗaya ɓangaren kuma 35, fasinjoji su sauka tun a waje. To amma a bakin ƙofa akwai ginshiƙi mai santimita 15 a kowane gefe, ga kuma madubi da ya fito. Tazarar da ke tsakanin madubin ɓangaren fasinja da ginshiƙi ba za ta kai santimita 8 ba, wato kamar faɗin yatsu huɗu. A nan ne madubi ya fi karyewa, kuma dalilin da ya sa ke nan ake naɗe shi kafin ya iso ƙofa.

Ɓangaren direba a Gana shi ne hagu. Ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu na titi ta koma dama ranar 4 ga Agusta, 1974, shekara biyu bayan Nijeriya, wadda ta yi haka a Afrilun 1972. Direban da ke zaune a hagu yana ganin bangon da ke kusa da shi sosai, amma na dama sai dai ya kintata. Wannan gefen shi ya fi bukatar alama da mai jagora.

4.0 Da Kai ko da Baya?

Tayoyin gaba ne kaɗai ke juyawa idan an murɗa sitiyari. Na baya bi kawai suke yi, kuma ba sa taka sawun na gaba. A kowace kwana sukan yanke ta ciki. Daga wannan ne dokoki biyu suka fito.

Idan za a shiga da kai, sai direba ya nisanci ƙofar, ya bi ta ɗaya gefen lungun, sannan ya karya kwana mai faɗi. In ya karya da wuri, kan mota zai shige lafiya, amma ƙofar baya za ta gogi ginshiƙi. Matsalar ita ce yawancin lungunan zango ba su da faɗin da za a yi wannan, balle idan akwai buɗaɗɗiyar kwata a gefe.

Idan za a shiga da baya, wato da ribas, wurin da ake bukata bai kai haka ba, domin motar tana juyawa ne a kan layin tayoyin baya. Direba zai zo kusa da ɓangaren ƙofar, idan ya zo daidai da ita sai ya kawar da kan mota daga gare ta, ya ɗan wuce, ya tsaya a karkace. Daga nan sai ya sa ribas, ya murɗa sitiyari zuwa wajen da yake son bayan mota ya nufa. Idonsa yana kan tayar baya ta ciki har ta wuce ginshiƙi, amma kada ya manta cewa kan mota yana lilo zuwa ɗaya gefen, inda zai iya taɓa katangar maƙwabci. Da zarar motar ta miƙe da gareji, sai ya daidaita sitiyari ya ci gaba a hankali. Idan ta shigo a karkace, gyaran shi ne a fita a sake, ba a yi ta murɗe-murɗe a ciki ba. Wani amfanin shiga da baya shi ne da safe za a fito da kai, ana ganin masu babur da 'yan makaranta.

A kowane hali, ƙafa tana kan birki ne, ba kan totur ba. Tafiyar ba ta wuce ta mai takawa a hankali.

5.0 Alamomi

Direba ba ya ganin bamban motarsa daga mazauninsa, kuma madubin gefe mai ɗan tudu yakan nuna abu kamar yana nesa alhali yana kusa. Maganin wannan shi ne a ajiye motar daidai sau ɗaya, da taimakon wani, sannan a yi wa wurin alama. Ga waɗanda suka fi sauƙi:

(a) A kafa guntun katako ko bulo a ƙasa inda taya za ta tsaya. Aikinsa ɗaya ne da wejin da yaran mota ke sa wa manyan motoci.
(b) A ja layi da fenti a ƙasa, daga bakin ƙofa zuwa ciki, inda tayoyin ɓangaren direba za su bi.
(c) A rataye ƙaramar ƙwallo da zare daga rufi, yadda za ta taɓa gilashi idan motar ta kai matsayinta.
(d) A manna tsohuwar taya ko guntuwar katifa a bangon ƙurya, da kuma inda ƙofar direba ke bugawa.

Motoci da yawa da ake shigowa da su Gana daga Amurka suna zuwa da kyamarar baya, domin tun daga Mayun 2018 doka ta wajabta ta ga sababbin ƙananan motoci a can. Tana da amfani, sai dai ƙurar hunturu takan rufe idonta, kuma ba ta nuna abin da kan mota ke shirin bugawa.

6.0 Harshen Mai Jagora

A dubi wannan zance tsakanin uba da ɗansa, wanda ke tsaye a gefen ƙofar gareji, motar tana ba shi baya:

Ɗa: Baba, a taho. A taho dai. A ɗan karya.
Uba: Ina zan karya?
Ɗa: Dama.
Uba: Damarka ko tawa?
Ɗa: Bayan motar ya yi gabas, wajen gidan liman. Yauwa. A miƙe kai yanzu. Saura taku ɗaya. Tsaya!

Akwai abubuwa huɗu da ɗalibi zai lura da su.

6.1 Aikatau mai ƙarewa da -o

A tsarin rabon aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aji na 6 yana ƙarewa da -o, kuma yana nuna motsi zuwa wajen mai magana:

(1) matsa / matso
(2) koma / komo
(3) shiga / shigo
(4) fita / fito
(5) juya / juyo

Ke nan "taho" da "matso" ba sa nufin gaba ko baya a karan kansu. Idan mai jagora yana ta bayan mota, "matso" na nufin a yi ribas. Idan ya zagayo gaba ya faɗi kalmar nan, ma'anarta ta juye. Don haka bai kamata ya sauya wuri ba tare da direba ya sani ba.

6.2 Hagu da dama

Mai jagora da ke fuskantar direba, damarsa ita ce hagun direba. Hausawa sun daɗe da hanyar kauce wa wannan rikici, wato amfani da gabas da yamma da kudu da arewa ko a cikin ɗaki, kamar a ce wa mutum "matsa kudu". Gabas ba ta sauyawa ko ina mutum ya juya, kuma mai salla ya san inda take a gidansa. Sai dai a faɗi abin da zai yi gabas ɗin, kan mota ne ko bayanta, kamar yadda yaron ya yi a sama.

6.3 Umurni da ladabi

Hausa tana da hanyoyi uku a nan: "taho", da "ka taho", da "a taho". Na farko umurni ne kai tsaye, na tsara ko na ƙasa. Na uku, mai amfani da "a", ya fi ladabi, shi ya sa ɗa ke amfani da shi ga mahaifinsa. Amma a ƙarshen zancen yaron ya ce "Tsaya!" ba tare da wani sakaye ba, kuma ba wanda zai ɗauke shi mara kunya, domin wurin ba ya jiran doguwar magana.

6.4 Kalmomi masu harshen damo

"To" tana iya nufin a ci gaba, tana iya nufin ya isa. Haka ma "yauwa" da "haka". Saboda haka ake ware kalma ɗaya tak ta tsayawa, a haɗa ta da buga jikin mota da tafin hannu. Wajen faɗin tazara kuma, "saura kaɗan" ba awo ba ne. Gara a ce "saura taku biyu" ko "saura kamu ɗaya", ko a ɗaga tafuka biyu ana matso da su yayin da tazarar ke raguwa.

Ɗalibin da ya je Bawku ko Tempane zai kuma ji wani bambanci na karin harshe. Hausar Gana ba ta cika rarrabe jinsi ba, don haka zai ji "mota ya shiga" a inda Bakano zai ce "mota ta shiga". Wannan ba ya hana fahimta.

7.0 Abin da Ya Fi Fenti Tsada

Gogar bango kuɗi kawai take ci. Akwai haɗari biyu da suka fi ta. Na farko shi ne yara ƙanana, waɗanda kan rugo da gudu idan sun ji ƙarar motar babansu, kuma tsayinsu bai kai inda direba zai gan su ta gilashin baya ba. Kafin a motsa mota a san inda kowane yaro yake, a kuma leƙa ƙarƙashinta saboda awaki da zabi da ke fakewa a inuwa. Shi kansa mai jagora ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa a madubi, kada ya taɓa shiga tsakanin mota da bango. Idan direba ya daina ganinsa, sai ya taka birki.

Na biyu shi ne hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Motar da ta shiga da baya salansarta tana fuskantar ƙurya, inda galibi akwai ɗakin kwana a bayan bangon. Don haka da an tsaya sai a ja birkin hannu a kashe inji, kuma ba a ɗumama mota da safe ƙofa a rufe.

8.0 Kammalawa

An ga cewa matsin gareji a unguwannin zango gado ne daga tsarin gari na zamanin fatake, kuma ba a iya faɗaɗa lungu don mota ɗaya. Abin da ke hannun direba shi ne ya san awon motarsa, ya fahimci yadda tayoyin baya ke tafiya, ya sa alama, ya kuma yi yarjejeniya da mai jagoransa a kan kalmomin da za su yi amfani da su.

Aiki

1. A sake rubuta zancen da ke sashe na 6.0, amma mai jagora yana tsaye a gaban mota, kuma abokin direba ne. Waɗanne kalmomi ne za su sauya?
2. A kawo aikatau biyar na aji na 6 ban da waɗanda aka ambata, a sa kowanne a jimla.
3. Gareji yana da faɗin mita 3, jikin mota mita 1.85. A bayyana da Hausa yadda za a raba tazarar da ta rage, da dalilin yin haka.