Hayaƙin Murhu da Tarin da Muke Ɗora wa Tsufa

Cikin hunturun da ya wuce na je gaida wata goggona a wani ƙauye tsakanin Daura da Sandamu. Tun daga zaure nake jiyo tarinta. Na tarar an toshe taga da tsumma, an saki labule, ga kaskon wuta a gabanta, an barbaɗa wani garin magani a kan garwashi ana turara ta. Na ce, "Goggo, wannan hayaƙin ai ƙara miki ciwo zai yi." Sai da ta huta sau biyu kafin ta haɗa amsa: "Ɗan nan, sanyi ne da tsufa. Hayaƙi kuwa a cikinsa aka haife mu." Maƙwabta sun ce jifa ne. Matan gidan kuma sun ware mata kwano da moɗa, don tsoron tarin fuka.

Da ƙyar aka yarda muka kai ta asibiti. Aka auna kakinta, babu tarin fuka. Likita ya ce hanyoyin numfashinta ne suka toshe, ciwon da suke kira COPD. Matar da ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba! Tambaya ɗaya ya yi mata: shekara nawa kika yi kina girki da itace? Ta ce tun tana 'yar talla.

A taƙaice, ciwo ne da ke ƙuntata hanyoyin iska a huhu sannu a hankali, iska ta shiga amma fitarta ta yi wuya. Alamominsa su ne tari mai kaki wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da haki, da kukan ƙirji, galibi bayan shekara 40. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma inda ya lalace a huhu ba ya komawa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, shi ne na huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya.

Abin da ya gundure ni shi ne maganar nan ta "kakanninmu da itace suka yi girki, me ya same su?" To, me kuwa bai same su ba? Kowa ya tuna tsohuwar gidansu da ke kwana a zaune ta jingina da bango, wadda ba ta iya zuwa bakin rijiya sai ta tsaya sau uku, wadda daga baya ta koma sallah a zaune. Da ta rasu aka ce tsufa ne. Ciwon yana nan tun da can, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Sabo turken wawa.

Wanda ke musu ya shiga ɗakin girkin gidansu ya ɗaga kai. Baƙin da ya manne a azara da kwano, wanda ko an kankare sai ya dawo, daga ina ya fito? Iskar da ta yi wa rufi wannan fenti ita ce matarka ke zuƙa safe da yamma, shekara talatin ko arba'in, tana durƙushe tana hura wuta da baki, idonta na hawaye, ga goyo a bayanta. Rufi ana iya sake shi, huhu fa? A ƙasashe masu arziki sigari ce ke jawo sama da kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. A irin ƙasashenmu rabon sigari bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba, hayaƙin cikin gida kuwa yana sahun gaba cikin sauran. Ke nan mace mai kamun kai, wadda ba ta san hanyar teburin mai sigari ba, tana iya gamuwa da ciwon mashaya a bakin murhunta. Haka mai tuyar ƙosai da waina, da mai ƙuli-ƙuli, da mai gashin tsire a tasha.

Mun ma fi kakannin namu ɓarna. Su a tsakar gida suke girki da busasshen itace. Mu mun gina kicin kamar akurki, ba taga, kuma da yake itace ya yi tsada daga Baure har Mai'adua, sai ɗanyen reshe da kara da kashin shanu. Wutar ma da leda ko tsinkakken silifa ake haɗa ta. Wannan guba ce tsagwaronta.

Masu cewa sanyi ne, ga inda suka ruɗe: hazo da ƙurar hunturu suna tayar da ciwon da ya riga ya zauna, shi ya sa tarin ke tsananta daga Disamba zuwa Fabrairu. Sai a rufe ɗaki a kawo kasko, a ƙara wa Barno dawaki. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari da ke iya kashe mutum cikin barci. Masu cewa jifa ne kuwa, ku ji tsoron Allah. An raba zumunci, an zargi kishiya, alhali mai laifin yana nan tsakanin duwatsu uku.

Akwai sauran dalilan ciwon: sigari da shisha, ƙurar injin niƙa da ta shiƙa, tabon tsohon tarin fuka, asmar da ba a kula da ita ba, da gado.

Maigida, gyaran daga kanka zai fara. Fasa wa kicin tagogi biyu masu kallon juna, ko ka kafa rumfa a fili. Sayo busasshen itace. In da hali ka sayi gas, ko da ƙaramar tukunya ce. Kuɗinta bai kai na jinyar shekaru ba. In babu hali, akwai murhu mai tsimin itace, irin wanda wani shiri na Tarayyar Turai da Oxfam ya yaɗa a ƙananan hukumomi bakwai na Jihar Katsina, ciki har da Daura, Zango, Sandamu, Baure da Mai'adua. Yana rage hayaƙi, ko da yake bai kai gas ba. Uwargida, sauke goyo kafin ki hura wuta, ki yi amfani da mafici, ki rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare, kada ki ƙara sa leda a murhu. A kwana cikin gidan sauro maimakon kunna maganin sauro mai hayaƙi. A ja bargo, a fitar da kasko kafin a kwanta. Ranar hazo, ko wajen sussuka da niƙa, a sa takunkumi. Mai shan sigari ya bari yau, domin barinta na rage saurin lalacewar huhu ko da ciwon ya kama. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, don haka a daina aiken yara sayo ta.

Duk tarin da ya kai mako biyu a kai shi asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ana warkewa. In ba shi ba ne, a nemi gwajin busa, wanda ake hura iska cikin na'ura a auna ƙarfin huhu. A fara da asibitin gwamnati da ke Daura; in ta kama za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon kada ya yanke ƙauna. Maganin shaƙa da likita ya rubuta yana buɗe hanyoyin iska, kuma ƙarya ne cewa yana zama jaraba. A roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake shaƙarsa daidai. A daina haɗe-haɗen ƙwayoyin kemis da na masu talla a kasuwa. A riƙa ɗan tattaki kullum, domin kwanciya na ƙara haki. In numfashi ya sarƙe, a ja iska ta hanci, a fitar a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura koko. A ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. In kaki ya sauya launi, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ta kumbura, ko magana ta gagara saboda haki, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Goggo tana nan da ranta. An mayar mata da kwanonta cikin na jama'a, an fitar da kasko, jikokinta na girki a rumfa. Ina roƙon limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya na ƙasar Daura su sa wannan magana cikin huɗuba da taron suna kafin hunturu ya shigo. Kai kuma mai karatu, yau ka leƙa kicin ɗin gidanka ka dubi rufinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.